Yarinyar da Ta Iya Girki Amma Ba Ta Iya Karatu Ba

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya gabatar a wajen taron malamai da ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na mata. Mun buga shi dukkansa saboda waɗanda ba su samu halarta ba.



Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, malamanmu maza da mata, iyayena mata da ke cikin waɗannan azuzuwa, da sauran jama'a, ina yi muku barka da zuwa. Na san wasu sun baro aiki a gona. Wasu kuma sun baro tukunya a kan murhu. Saboda haka ba zan tsare ku har tuwo ya ƙone ba.

An ce in yi magana a kan littattafan yara. Na ga idan na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya, rana za ta faɗi ba mu kai ko'ina ba. Sai na zaɓi guda ɗaya. Littafin labari ne da aka rubuta da Turanci a ƙasar Amurka, domin yara masu shekara 10 zuwa sama. Sunansa Close to Famous. Da Hausa sai mu ce, saura ƙiris a yi suna. Wata mata mai suna Joan Bauer ce ta rubuta shi, ya fito a shekarar 2011.

Ita wannan marubuciya an haife ta a 1951. Ba da rubutun littafi ta fara neman abinci ba. Sai da ta yi wani mummunan haɗarin mota, tana jinya, sannan ta rubuta littafinta na farko. Ya fito a 1992. Manoman da ke nan za su so shi, don labarin wata yarinya ne da ta sha alwashin sai ta noma kabewar da ta fi ta kowa girma a gasar garinsu. Amma ba shi ne gabanmu yau ba.

Wace ce Foster?

Yarinyar da ke cikin littafinmu sunanta Foster McFee. Shekarunta 12. Ubanta soja ne, ya rasu a yaƙin Iraƙi, yaƙin nan da Amurka ta fara a 2003. Uwarta mawaƙiya ce, amma 'yar amshi, ba ita ke jan baki ba. Suna zaune a Memfis, wani babban birni a kudancin Amurka.

Akwai wani mutum da ke neman uwar. Sana'arsa ita ce kwaikwayon Elvis Presley, wani shahararren mawaƙi da ya zauna a Memfis, ya mutu a 1977. Har yau akwai masu sa irin tufafinsa, su gyara gashi irin nasa, su hau dandali ana biyan su. To wannan mutum mai saurin hannu ne. Ran nan ya doki uwar Foster. Cikin daren suka kwashi abin da za su iya kwasa, suka shiga mota, suka bar garin.

Tafiya ta kai su wani ɗan ƙaramin gari mai suna Culpepper, cikin duwatsun Jihar Bajiniya ta Yamma. Garin ƙirƙira ne, marubuciyar ce ta ƙago shi. Wani dattijo da matarsa, masu sana'ar jan motar da ta lalace, wato janwe, su suka taimake su. Suka ba su masauki a wani ɗaki mai taya, irin wanda ake ja da mota, da ke ajiye a bayan gidansu.

Garin kansa yana cikin wani hali. An gina babban gidan yari a wurin. An yi wa mutane alkawarin za su samu aiki da ciniki. Da aka gama ginin, alkawari ya bi iska. Na ga wasu suna murmushi. Ashe ba mu kaɗai ake yi wa alkawari ba.

Abin da Foster ta fi so a duniya shi ne gashin kek. Irin ƙananan nan da ake zuba ƙullinsu a 'yan kofuna, kowane ɗaya cin mutum ɗaya. Matanmu da ke gasa kek a gwangwanin madara, cikin tukunya mai yashi a ƙasa, sun san irinsa. Burinta shi ne wata rana a ba ta shirin girki nata na kanta a talabijin. Tana cikin aiki a kicin, sai ta riƙa magana ita kaɗai, kamar ana ɗaukar ta a hoto, tana koya wa masu kallo. Da suka sauka a sabon garin, ba ta zauna ba. Ta gasa kek, ta kai wa wani mai gidan abinci, mutumin da aka sani da zafin rai. Ya ɗanɗana. Ya yarda a ajiye a wurinsa a riƙa sayarwa. Kafin a jima, gari ya san hannunta.

Asirin da take ɓoyewa

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Foster ba ta iya karatu ba.

Ba wai ba a sa ta makaranta ba ne. An sa ta. Ta yi shekara da shekaru tana zuwa aji, har ta gama aji 6 da ƙyar da jiɓin goshi. Amma idan ta kalli takarda, baƙaƙen ba sa haɗuwa su zama magana. A makaranta an sa ta ji cewa ita daƙiƙiya ce. Ita ma ta yarda da haka. Sai ta koyi ɓoyewa.

Wani zai tambaya, to yaya take girki? A ƙasarsu, yawanci daga littafi ake koyon gashin kek. Ana rubuta komai: fulawa kofi kaza, sukari kaza, bota kaza, ƙwai guda nawa, minti nawa a wuta. Ita Foster akwai wani mai shirin girki a talabijin, Sonny Kroll, da take kallo kullum. Duk abin da ya faɗa sai ta haddace. Ta riƙe awo da tsari a ka, ta je ta yi, ya fito daidai.

Ina so mu tsaya a nan mu yi tunani. Gashin kek ba kamar miya ba ne. Miya idan gishiri bai ji ba, sai a ɗanɗana a ƙara. Kek kuwa da zarar ya shiga wuta, magana ta ƙare. Idan hodar da ke sa shi tashi ta yi yawa, ya yi ɗaci. Idan ta yi kaɗan, ya kwanta ya yi tauri. Yarinyar da za ta riƙe awon kek iri-iri a kanta, ba ta rikita wannan da wancan ba, wa ya isa ya ce ba ta da ƙwaƙwalwa?

Iyayena mata, ku kun fi ni sanin wannan. Mai yin waina ta san awa nawa shinkafa za ta sha ruwa. Ta san yadda ƙulli ke nunawa idan ya tashi. Ta san zafin tanda da tafin hannu kawai. Mai yin daddawa ta san kwana nawa kalwa za ta yi a rufe. Mai ƙosai ta san mudu nawa na wake zai cinye kwalbar mai, ta san ribar da za ta fita tun kafin ta ɗora kasko. Babu ɗayan waɗannan da aka rubuta mata. Duk a ka suke. Amma ita wannan matar, idan aka ce ta zo aji, sai ta ce, "Malam, ni kaina ba ya ja." Kan da ya riƙe duk wannan lissafi shekara 30, shi ne ba ya ja?

Akwai wani abu a littafin da ya fi taɓa ni. Foster tana da wata rigar matashin kai da take ajiye kayan tunawa da mahaifinta a ciki. Har da wasiƙun da ya rubuto daga fagen yaƙi. A garin saurin gudu, aka manta ta a Memfis. Ku dubi wannan hali. Ubanki ya rasu. Abin da ya rage miki na maganarsa yana kan takarda. Ke kuma takarda ba ta yi miki magana. Duk wadda mijinta ko ɗanta ya taɓa tafiya ci-rani, aka kawo mata wasiƙa, ta yi ta yawo da ita tana neman ɗan makarantar da zai karanta mata sirrin gidanta, ta san wannan ciwo.

Me ya hana ta karatu?

Ba kowane yaro da ya kasa karatu ne malalaci ba. Likitoci sun daɗe da gane haka. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro mai shekara 14 mai suna Percy. Yaron yana da wayo, yana da kaifin baki, yana iya lissafi. Amma karatu ya gagare shi, har sunansa yakan rubuta a karkace. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai kama shi a makarantar. Wannan matsala ita masana ke kira disleksiya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Karatu shi ne haɗa baƙi da sautinsa. Ka ga "m", ka san me baki zai yi. Ka ga "a", ka haɗa su, ka ce "ma". Yawancin yara suna kama wannan bayan an maimaita musu. Wasu kuwa wannan haɗin ne ke yi musu wuya ƙwarai. Ba ciwon ido ba ne. Ba taɓin hankali ba ne. Ba kuma sammu ba ne. Yakan bi jini, a same shi ga uba a same shi ga ɗa. Bulala ba ta maganinsa. Abin da ke taimako shi ne a koyar a hankali, sauti ɗaya bayan ɗaya, a yi ta maimaitawa, yaro yana faɗa da baki, yana zanawa da yatsa, ko a ƙasa ne.

Saboda yadda littafin ya nuna halin irin waɗannan yara, ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Schneider a 2012. Lamba ce da ake ba littattafan yara da suka nuna rayuwar masu wata naƙasa da gaskiya.

Mu Hausawa mun yi sa'a ta wani fanni. Rubutun Turanci yana da wuyar sha'ani. Sau da yawa abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban. Hausar boko kuwa kusan yadda ka ji haka za ka rubuta. Amma mu ma muna da namu tarkon. Akwai "b" da "d" masu kama da juna, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma. Akwai masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Sannan ba ma nuna ja da karya murya a rubutu. "Gari" na tuwo da "gari" na Dagaci rubutunsu ɗaya. "Kuka" ta miya da "kuka" na jariri haka. Sai abin da ke kewaye da kalmar ya gaya maka wacce ake nufi. Saboda haka malami, idan ɗaliba ta yi tuntuɓe a nan, ba daƙiƙanci ba ne. Ramin ne ke kan hanya.

Wadda ta gano ta

A garin Culpepper akwai wata mata da ake kira Miss Charleena. Tsohuwar 'yar wasan fim ce da ta yi suna, daga baya ta dawo gida ta kulle kanta. Wani yaro abokin Foster, mai suna Macon, yana yi mata aikace-aikace. Ta wannan hanya Foster ta shiga gidan. Ba a daɗe ba matar ta gane yarinyar ba ta karatu.

Yaya aka yi ta gane, alhali wasu sun yi shekaru ba su kula ba? Saboda ita ma ta sha wannan wahala tana yarinya. Wanda ya taɓa ɓoye abu ya san kamannin mai ɓoyewa. Mu ma a nan mun san dabarun. "Na manta tabarau a gida." "Idona yana yi mini yaji yau." "Karanta mini, hannuna da mai." A wajen rajista na sha ganin magidanci, mai iyali, mai rufin asiri, ya karɓi takarda ya ƙura mata ido yana gyaɗa kai, alhali a juye ya riƙe ta. Ba abin dariya ba ne. Kunya ce, kuma kunya ta fi rashin alli da allo hana mutane zuwa aji.

Matar nan ba ta tara jama'a ta tona yarinyar ba. Ta gaya mata nata labarin tukuna. Sannan ta ce za ta koya mata. Ita Foster ba ta karɓa da murna nan take ba. Wanda aka daɗe ana yi wa dariya ba ya saurin miƙa wuya. Amma daga baya ta zauna.

To da wane littafi aka koya mata? A nan ne nake so malamai su buɗe kunne. An yi amfani da littafin girki na mutumin nan da take kallo a talabijin. Kalmomin da ke ciki ta riga ta san su. Ta san fulawa, ta san sukari, ta san bota. Ta san abin da zai biyo bayan wani, don ta sha yi da hannunta. Abin da ya rage kawai shi ne ta ga kamannin kowace kalma a takarda. Ba ta shiga karatu a matsayin daƙiƙiyar aji ba. Ta shiga a matsayin gwana da ta zo ganin yadda ake rubuta abin da ta fi kowa iyawa.

Wannan dabara ba a littafin labari kaɗai take ba. A ƙasar Barazil an yi wani malami, Paulo Freire. A 1963, a wani gari mai suna Angicos, shi da abokan aikinsa sun koya wa manya kimanin 300 karatu cikin kwana 45. Kafin su fara, sai da suka zauna da mutanen, suka saurari kalmomin da suke amfani da su a wajen aiki da kasuwa. Da waɗannan kalmomi aka gina darasi. Ɗaya daga cikin kalmomin da aka san tsarinsa da ita, ita ce kalmar tubali a harshensu. A raba ta gaɓa-gaɓa, sannan ɗalibai su harhaɗa gaɓoɓin su fitar da sababbin kalmomi da kansu.

Mu gwada da tuwo

Bari mu gwada a nan, yanzu. Malama, taimaka mini da alli.

Ga kalma: tuwo. Gaɓa biyu ce, tu da wo. 'Yan'uwan tu su ne ta, te, ti, to, tu. 'Yan'uwan wo su ne wa, we, wi, wo, wu. To a ɗauki wu a haɗa da ta. Me aka samu? Wuta. Kun ga daga tuwo mun samu wutar dafa shi. A ɗauki wa da ta, ga wata a sama. A juya su, ga tawa. Tu da ta, ga tuta. Wa da wa kuwa, kun san shi, ba sai na nuna kowa ba.

A ƙara masa. Ma da sa. Daga nan ga sama, ga samu, ga musu, ga suma, ga sunan Musa. A haɗa da na farko, ga mata, ga mota, ga wasa, ga tasa. Kalma biyu kawai muka ɗauko daga kicin, ga shi mun cika allo. Gobe a kawo miya, da fura, da wake, da gero. Jibi a kawo tukunya, da ludayi, da muciya, da rariya. Kafin wata ya ƙare, ɗaliba za ta iya rubuta cefanen gidanta.

Daga nan sai malama ta ce kowace ɗaliba ta faɗi yadda take yin abincin da ta fi iyawa. A rubuta a allo da kalmominta, yadda ta faɗa. Wannan ta kawo dambu, waccan ta kawo ɗanwake, wata ta kawo miyar taushe. Za a yi gardama, na sani. Wata za ta ce ba haka ake yi ba, a garinsu sai an sa kanwa. Ku bar su su yi. Ajin da ake gardama a cikinsa ba a gyangyaɗi. Wadda aka rubuta girkinta kuwa, ranar ita ce malama.

"Ai ta iya girki"

Yanzu zan juyo kan iyayena maza, da izinin Dagaci.

Akwai maganar da ake yi idan an zo cire yarinya daga makaranta. A ce, "Ai ta iya girki, ta iya riƙon gida, me za ta yi da boko?" Wani zai iya jin labarin Foster ya ce, to ga shi nan, yarinya ba ta karatu amma tana samun kuɗi da hannunta. Wanda ya faɗi haka bai ji labarin da kyau ba. Gwanintarta ba ta raba ta da baƙin ciki ba. Duk yabon da ake yi wa kek ɗinta, tana tafe da tsoron kada a miƙo mata takarda. Kuma iyakar iliminta ita ce abin da mutum ɗaya ya faɗa a talabijin. Abin da bai faɗa ba, ba ta da hanyar samunsa.

Yau wayar hannu ta shiga ƙauye. 'Yanmata suna kallon girki a waya, suna aika saƙon murya. Wannan ba laifi ba ne, haka Foster ta koya. Amma ku tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja takardun Naira, kuɗi suka ɓace a hannun jama'a. Mai waina da mai ƙosai dole suka koma karɓar kuɗi ta waya. Mai saye ya nuna mata fuskar waya ya ce ya tura. Wadda ba ta karatu, da me za ta gane ko sun shigo, ko nawa ne suka shigo? Sai dai ta dogara da amanar mai saye, ko ta nemo yaro.

Ga kuma awo. Babban cokali ɗaya daidai yake da ƙaramin cokali 3. A kek, idan aka rikita su, asarar fulawa da ƙwai ce kawai. Amma ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa yaro mai gudawa fa? Awonsa shi ne ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan gishiri ya yi yawa, maimakon magani sai ya zama cuta. Uwar da ta iya karanta awo a takarda ba za ta dogara da "na ji an ce" ba. Haka kwalbar maganin tari, haka ranar lalacewa da ake bugawa a jikin gwangwani.

Akwai kuma bambanci guda da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Foster ita ta zaɓi girki. Sha'awarta ce, babu wanda ya tashe ta da asuba don shi. Yawancin 'ya'yanmu mata ba a tambaye su ba. Yarinya ta tashi ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta ɗauki tallan safe. Ta isa aji rana ta take, idanu sun yi nauyi. Malami ya tambaye ta, ta yi shiru, a ce ba ta da kai. Kafin mu yanke wa yarinya wannan hukunci, mu fara tambaya ƙarfe nawa ta kwanta, ƙarfe nawa ta tashi.

Inda littafin ya gaza

Ba zan ce muku littafin ba shi da aibi ba. A ganina mutanen cikinsa sun yi yawa, kowa da nasa buri, har wani lokaci labarin karatun yakan ɓace a cikin hayaniya. Har da wani fursuna da ya tsere daga gidan yarin nan, wanda ko babu shi labari zai tafi. Sannan Foster ta cika sa'a. Duk inda ta juya sai ta haɗu da mai son taimaka mata. Ba kowane ƙauye ne ke da tsohuwar 'yar fim mai kuɗi da lokaci ba. Amma ba shaharar matar ce ta yi aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne ta taɓa shiga wannan hali, ta fita. Irin wannan kuwa muna da su a nan, cike da wannan rumfa. Duk wadda ta karɓi takardar shaida a ajinmu, ta fi ni sanin yadda za ta lallashi maƙwabciyarta mai jin kunya.

Abin da na yaba wa marubuciyar shi ne ba ta yi mana ƙarya ba. Ba ta ce yarinyar ta kwana ta tashi tana karatu kamar ruwa ba. Kalma ɗaya bayan ɗaya take bi, tana tuntuɓe, tana fushi, tana dawowa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya dame ni a matsayina na edita. Wannan littafi na 'ya'yan Amurka ne, da abincinsu da garuruwansu. Mu muna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun wajen 1937, kuma har yau yara suna jin daɗinsa. Amma sarakuna da waziri da aku ne a ciki. 'Yar talla mai shekara 12, wadda fankenta ya fi na kowa a unguwa, ita ma labari ce. Kada wata ta ce ai sai mai digiri ke rubuta littafi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure. Daga baya ta nemi ilimi ta hanyar karatun manya. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya, da Alhaki Kwikwiyo Ne, da Wa Zai Auri Jahila?

Saboda haka ga abin da za mu yi. Daga fitowa mai zuwa, wannan jarida za ta ware rabin shafi domin girkin ɗalibai. Kowace ɗaliba ta rubuta abinci ɗaya da hannunta: kayan haɗi, da awo, da yadda ake yi, da wadda ta koya mata. Kada malama ta rubuta mata. Ko layi 5 ne, ko da kuskure, a kawo haka, gyara aikinmu ne. A sa suna da sunan aji a ƙasa. A ba malamar aji, ita kuma ta ba jami'in yanki kafin ranar 15 ga wata. Maza ma ba a hana su ba, don na hango Sarkin Fawa a can baya, kuma har yau babu wanda ya rubuta mana yadda ake haɗa yajin tsire.